Muhawara: sunan kaya a gem, ya faɗi aikinsa ko ya yi sauƙin kira?

Malam Sabi'u, Bichi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga maganar da na kawo, kuma a kanta na tsaya: duk kayan da aka zuba a cikin gem, in sunansa bai gaya wa mai wasa aikinsa ba, to an yi kuskure wajen raɗa masa suna. Mu ɗauki PUBG Mobile tunda shi ne a wayar yaran nan. Akwai First Aid Kit, akwai Med Kit. Ku ba wanda ya fara wasa jiya sunayen nan biyu, ku ce ya nuna babba. Ba shi da abin kamawa. Alhali tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. First Aid Kit sakan 6 yake ci, ya kai jini 75 ya tsaya, kuma in jininka ya haura 75 ma ba zai yarda ka taɓa shi ba. Med Kit sakan 8 ne, shi ke cika jini har 100. Bandeji goma-goma yake ƙarawa, sakan 4 kowanne, shi ma 75 ce iyakarsa. Sai Painkiller da Energy Drink, waɗanda ba jini suke cikawa kai tsaye ba, wata ma'auna ce daban suke ɗagawa, ɗaya 60 ɗaya 40, ita kuma take ɗiga jini a hankali har ya wuce 75 ɗin. To a ina sunan ya faɗi haka? Shi ya sa za ka ga yaro jininsa saura kaɗan, abokin gaba na tahowa, shi kuwa ya tsaya shan Painkiller don ya ji an ce maganin ciwo ne. Ba laifin yaron ba ne, sunan ne ya yaudare shi.

Nafi'u, Ringim:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara girma, lissafinka daidai ne, amma hukuncin ne ban yarda da shi ba. Suna linzami ne, aikinsa a kira a juyo. A cikin wuta ba wanda ke karatu. Mutum huɗu ne a tawaga, sabis na yankewa, murya na zuwa gutsure-gutsure, abin da kake buƙata shi ne kalma mai gaɓa ɗaya ko biyu wadda ba ta yi kama da wata ba. "Med" gaɓa ɗaya ce. "Fes", wato First Aid Kit, gaɓa ɗaya ce. Ba sa rikicewa a kunne. In ka mayar da su "maganin da ke cika jini duka" da "maganin da ke tsayawa a 75", kafin ka gama faɗa an kwantar da abokinka. Aikin kaya sau ɗaya ake koyonsa, a rana ɗaya. Kiran sunan kuwa kullum ne.

Ɗan'asabe, Gumel:
Ina bayan Nafi'u. A Free Fire akwai Gloo Wall. Kalmar farko ba ta da wata ma'ana a wurin yaran Gumel ko Maigatari, amma duk mai wasa ya san "gulu": ka jefa, katanga ta tsiro a gabanka, ta tare harsashi. Rashin kama da komai shi ne ƙarfinsa. Da "katangar kariya" aka ce, da an dinga rikita shi da katangar gida da ke cikin taswira. Ka ce "shiga bayan katanga", wace katangar?

Malam Sabi'u, Bichi:
Ɗan'asabe, ai ka kawo min hujja ne ba ka sani ba. Rabin sunan Gloo Wall ado ne, rabi kuma bayani ne, domin kalma ta biyu katanga take nufi. Irin wannan ban ƙi shi ba. Kuma tunda ka taɓo Free Fire, duba wannan: can ma akwai Medkit, amma jinin mutum 200 ne, shi kuma 75 yake mayarwa. Wato suna kusan ɗaya, a PUBG yana cika ka, a Free Fire ko rabi bai kai ba. Wanda ke buga wasannin biyu a waya ɗaya dole wata rana hannunsa ya yi lissafin wancan a cikin wannan.

Nafi'u, kai kuma da kake maganar kunne, amsa min wannan. M24 da M249. Lamba ɗaya ce tsakaninsu. Ta farko bindigar harbin nesa ce, harsashi ɗaya ka ja ƙarfe, tana cin harsashin 7.62. Ta biyu mai ɓarin wuta ce, tana cin 5.56. Ga Mini14 ga Mk14, duka da 14 a jiki, amma Mini14 na cin 5.56, Mk14 na cin 7.62, ita kuma a akwatin da jirgi ke sakowa ake neman ta. In sabis ya haɗiye rabin kalma, me abokinka ya ji? Zai kwaso maka harsashin da bindigarka ba ta ci.

Nafi'u, Ringim:
Wannan kam gaskiya ne Malam, M24 da M249 suna da matsala. Amma matsalarsu ita ce sun yi kama da juna, ba wai don ba su faɗi aiki ba. Wato dokata suka karya, ba taka ba. Kuma ba wanda ke faɗinsu cikakku. Ana cewa "em-fo" a M416, "ka" a Kar98k, harsashi kuma da kala ake kiransa: kore shi ne 5.56, ja na bindigar tarwatsi ne, shuɗi .45. Masu wasa sun riga sun gyara abin da kamfani ya ɓata.

Baffa Idi, Rano:
Yara, ku ɗan saurara. Kuna magana kamar mai yin gem yana da 'yancin raɗa duk sunan da ya ga dama. Sau da yawa ba haka ba ne, abubuwa biyu ne ke ɗaure masa hannu.

Na farko lasisi. Sunan bindiga da na mota mallakar kamfani ne. GoldenEye 007 na 1997 a Nintendo 64 ya kira bindigar Rasha KF7 Soviet, ya kira ƙaramar bindigar jarumin PP7 maimakon PPK. Counter-Strike da ya shiga kasuwa ya rubuta CV-47 a wurin AK-47, ya rubuta Night Hawk a wurin Desert Eagle. A Modern Warfare II na 2022, MP5 ta koma Lachmann Sub, SCAR ta koma TAQ-56, dangin Kalashin suka koma Kastov. Ita kanta M416 da kuke ji da ita, HK416 ce aka sauya wa harafi. A 2013 kamfanin EA ya sanar cewa ya daina ƙulla yarjejeniyar lasisi da masu ƙera makamai. Duk wanda ya zauna a gidan gem zamanin PES ya san Man Red da Man Blue da Merseyside Red, kuma ya ga yadda Juventus ta koma Piemonte Calcio a FIFA 20 saboda Konami ta riƙe sunan. Motocin GTA San Andreas kuwa, Infernus da Sultan da Banshee, da babur Sanchez, ba ɗaya da za ka samu a kasuwa da wannan sunan.

Na biyu wuri. Tsofaffin na'urori suna da iyakar haruffa. A Final Fantasy na farko a NES, sunan sihiri haruffa huɗu ne kacal, shi ya sa aka samu FIRE, FIR2, FIR3. A Pokémon sunan kaya a Turanci bai wuce haruffa 12 ba har sai da X da Y suka fito a 2013. Kafin nan an matse Paralyze Heal ya zama Parlyz Heal, an liƙe kalmomi aka samu NeverMeltIce da TwistedSpoon ba tazara. Ba salo ba ne, gurbin ne ya ƙare. To Malam Sabi'u, kafin ka ce an yi kuskure, ka tambayi haruffa nawa aka ba mai raɗa sunan.

Malam Sabi'u, Bichi:
Baffa, ranka ya daɗe, uzurin lasisi na karɓa a kan bindiga da mota. Amma wa ke da lasisin magani? Kuma FIR2 da FIR3 da ka ambata, a wurina sun fi Fira da Firaga da aka dawo da su daga baya. Mai haruffa huɗu ya gaya maka abu biyu: wuta ce, kuma mataki na biyu ce. Matsi ya sa su yin abin da ya dace.

A Pokémon ɗin ma, duba Full Heal da Full Restore. Wanda ya ji Full Heal zai ɗauka warkewa ce gaba ɗaya. Ko ɗigon jini ba ya mayarwa, guba da barci da shanyewa da makamantansu kawai yake cirewa. Full Restore ne ke yin duka biyun. Ga Super Potion ga Hyper Potion, ga Great Ball ga Ultra Ball. Wace doka ce ta ce "hyper" ta fi "super"? Sai dai ka haddace.

Malama Hauwa, Kazaure:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in shigo ta ɓangaren masu rubuta manhaja, domin akwai abin da ake haɗawa alhali biyu ne. Kowane kaya yana da suna biyu. Akwai na ciki wanda na'ura ke amfani da shi, akwai na waje wanda ido ke gani. A Minecraft takobin lu'u-lu'u sunansa na ciki minecraft:diamond_sword, na waje kuma yana cikin fayil ɗin harshe, kowane harshe da nasa. Kafin sabuntawar 1.13 ta 2018 da lambobi ake gane tubala da kaya, dutse shi ne 1, ƙasa ita ce 3, har gurbin lambobin tubala ya kusa ƙarewa, aka koma sunaye. Na waje kana iya sauya shi da layi ɗaya. Na ciki in ka taɓa shi, duk umarni da duk ƙarin da mutane suka gina a kansa sai ya karye. Da suka mayar da grass ya zama short_grass a 1.20.3, masu umarnin da ke kiran tsohon sunan sai da suka bi suka gyara.

Abin da wannan ke nufi ga muhawararmu: sunan waje ba shi kaɗai ke ɗaukar kaya ba. Akwai hoto, akwai kala, akwai lamba, akwai ɗan bayanin da ke fitowa in ka danna. Malam Sabi'u yana so suna ya ɗauki duka, Nafi'u yana so ya ɗauki kira kawai. Ni a ganina abin tambaya shi ne: a wane yanayi mai wasa zai ga kayan? In wasan gudu ne, sakan ɗaya gare shi, to hoto da kala da lamba su yi bayani, suna ya gajarta. In wasa ne da ake tsayawa a buɗe jaka a karanta, suna na iya yin ado.

Ɗan'asabe, Gumel:
Kala kam ta warware rabin rigimar. Fortnite: toka, kore, shuɗi, shunayya, zinare. Ba ka buƙatar sanin sunan bindiga, ka ga zinare ka ɗauka.

Malam Sabi'u, Bichi:
A ɗaki mai duhu da babban allo, e. Malama Hauwa, ki tuna inda yaranmu ke wasa. Gindin darbejiya da azahar, waya mai allon inci shida da rabi, gilashin kariya ya tsage, an rage haske don caji ya kai yamma, an sauke hoto zuwa mafi ƙaranci don kada waya ta yi zafi. A haka shuɗi da shunayya kusan abu ɗaya ne. Ga kuma waɗanda idonsu ba ya bambance ja da kore tun haihuwa, kuma a cikin maza aka fi samunsu. Rubutu shi ne abin da ke tsira daga duk wannan. Shi ya sa kwalkwali da sulke na PUBG suka fi komai tsari: mataki 1, 2, 3, suna rage illar harbi da kashi 30, 40, 55. Kowanne yana da sunan ado, kwalkwali na uku ma Spetsnaz ake ce masa, amma wa ya taɓa kiransa haka? "Lebul tiri" kowa ke cewa, domin lambar ce ta faɗi aiki.

Ku gwada su da mariƙan gaba na bindiga. Vertical, Angled, Thumb, Half, Light. An raɗa musu suna da siffarsu, ba da aikinsu ba. Vertical na rage ɗagawar baki sama, Angled na rage karkata gefe, Thumb na sa ka buɗe madubi da sauri. Sai ka je ka nemi bidiyo kafin ka san wannan. Amma Suppressor da Flash Hider, sunansu aikinsu: ɗaya na danne ƙara, ɗaya na ɓoye walƙiyar baki. Cikin wasa ɗaya, tsari biyu.

Nafi'u, Ringim:
A kan mariƙai na sallama, Malam. Ba a ma kiransu da gaggawa, a jaka ake zaɓensu, don haka da an sa musu sunan aiki da ba a yi asarar komai ba. Amma kar mu wuce gona da iri. Resident Evil 4 na 2005, wanda ya cika gidajen gem zamanin PS2: Red9, Broken Butterfly, Chicago Typewriter, Killer7. Shekara nawa yanzu, har yau ka ce Red9 a majalisa sai wani ya ɗago kai. Da "ƙaramar bindiga mai ƙarfi ta 3" aka kira ta, da an manta da ita a makon. Mutane ba don lissafi kaɗai suke wasa ba, suna so su mallaki abu mai suna.

Baffa Idi, Rano:
Kuma a wasan nan ɗaya, ganyen magani kala kawai aka kira su: kore, ja, rawaya. Kore na mayar da jini, ja shi kaɗai ba ya komai sai ka haɗa shi da kore ya cika ka, rawaya na ƙara tsawon ma'aunin jinin. Wato abin da ake ci kullum an ba shi suna mai sauƙi, abin da ake tara kuɗi a saya sau ɗaya an ba shi sunan taƙama. Kamfanin FromSoftware ma sun gane haka. A Dark Souls na 2011 duwatsun ƙara wa makami ƙarfi su ne Titanite Shard, Large Shard, Chunk, Slab, sai ka haddace wanne ke bin wanne. A Elden Ring na 2022 sai suka sa lamba: Smithing Stone 1 zuwa 8, kowanne na ɗaukar mataki uku, guda 2 sannan 4 sannan 6, jimla 12. Makaminka na +9 kana son +10, ka san dutse na 4 za ka nema, ba sai ka tambayi kowa ba. Amma takubban suna nan da sunayensu na almara, ba a taɓa su ba.

Malam Sabi'u, Bichi:
To in haka ne na rage da'awata zuwa abin da ake ci da abin da ake ɗaurawa: magani, harsashi, sulke, mariƙi, dutsen gyara. Waɗannan ba na janyewa. Da ni ne zan fassara PUBG, da na rubuta Bandeji 10, Magani 75, Magani 100. "Magani 75" haruffa 9 ne har da tazara, ya fi First Aid Kit mai 13 gajarta, balle "akwatin agajin gaggawa" mai 22 da ba zai shiga maɓalli ba.

Malama Hauwa, Kazaure:
Nan akwai rami, Malam. Adadi yana sauyawa. A Pokémon, Hyper Potion na mayar da 200 shekara da shekaru, da Sun da Moon suka fito a 2016 aka sauke shi zuwa 120, aka ɗaga Super Potion daga 50 zuwa 60. Da Magani 200 aka kira shi, da sunan ya zama ƙarya. A PUBG ma UMP9 ce, da aka mayar da ita cin .45 a 2019 dole aka sauya sunan ya zama UMP45. Vector da aka mayar 9mm a lokaci guda ba a taɓa sunanta ba, domin babu lambar harsashi a jikinta.

Hanyar fita biyu ce. Ko a sa matsayi maimakon adadi, wato ƙarami, matsakaici, babba, ko 1, 2, 3, domin matsayi ba kasafai yake juyawa ba. Ko kuma kada a rubuta lambar da hannu a fayil ɗin harshe. A rubuta "Magani" sannan a bar gurbi, manhaja ta ɗauko adadin daga teburin kaya ta cike. In an sauya 75 ya koma 70 a tebur, allo zai bi da kansa. Abin da ba zai bi ba shi ne bakin mutane, za su ci gaba da cewa "saba'in da biyar" ko bayan an sauya.

Matsayin ma yana iya yaudara in an ɗauko shi daga darajar abu a kasuwa. A Minecraft digar zinare ta fi ta lu'u-lu'u saurin haƙa, amma ƙarkonta 32 ne kawai, ta katako ma 59 ce, ta dutse 131, ta ƙarfe 250, ta lu'u-lu'u 1561. Kuma in ka fasa ma'adanin ƙarfe da ita ba abin da zai fito. Sabon mai wasa yana ganin zinare ya ɗauka sama take da ƙarfe, ya ƙona zinarensa a banza.

Zulai, Birnin Kudu:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tunda an fara maganar fassara, akwai abin da Hausa ke buƙata wanda tsarin Turanci bai tanada ba, kuma duk mai shirin yin gem da Hausa zai ci karo da shi.

Wasanni irin Diablo II na 2000 da World of Warcraft na 2004 ba sa rubuta sunan kowane kaya da hannu. Na'ura ce ke harhaɗawa: sifa a gaba, kaya a tsakiya, laƙabi a baya. A World of Warcraft duk abin da ya ƙare da "of the Bear" na ƙara ƙarfi da juriya, "of the Monkey" zafin nama da juriya. A Turanci sifa ɗaya na hawa kowane kaya ba sauyi. A Hausa ba ta yiwuwa. Takobi namiji ne, garkuwa mace ce, takalma jam'i ne. Babban takobi, babbar garkuwa, manyan takalma. Tsohon sulke, tsohuwar wuƙa, tsofaffin kibau. Haɗin baya ma haka: takobin wuta, amma garkuwar wuta. In ka bar na'ura ta liƙa yadda take yi a Turanci, za ka ga "babban garkuwa" da "wuƙan sarki" a allo, Bahaushe kuwa yana gani zai san ba ɗan gida ne ya yi ba.

Gyaran shi ne, a teburin kaya a ƙara gurbi biyu: jinsi, da siffar kalmar in ta ɗauki haɗi. Kowace sifa kuma a rubuta ta sau uku. Sifa 40 za ta zama layi 120. Aiki ne, amma sau ɗaya ake yinsa. Kuma kada a ce na'ura ta gane jinsi daga harafin ƙarshe wai duk mai ƙarewa da "a" mace ce. Baka na harbi namiji ne, gida namiji ne, ruwa ma haka. Da hannu ake sa alamar.

Kalmomin kuwa muna da su, ba sai mun ƙirƙira ba. Lifidi na auduga ne, sulke na ƙarfe, kowa ya ga hawan sallah a Kano ko Haɗeja ko Kazaure ya san wanne ya fi tare sara. Ga mataki biyu a shirye, sunan ya faɗi matsayi ba lamba, kuma kowanne gajere ne a baki. Wannan ya biya buƙatar Malam Sabi'u da ta Yaya Nafi'u lokaci guda.

Malama Hauwa, Kazaure:
Zulai, Allah ya yi miki albarka. In ƙara na haruffa masu lanƙwasa. Ƙ, ɗ da ɓ ba sa cikin rubutun da yawancin wasanni ke zuwa da shi. In salon rubutun bai ƙunshe su ba, wuƙa za ta fito da ɗan akwati a tsakiya. A Unity, manhajar gina gem, in da kayan rubutunta TextMeshPro ake aiki, sai an sake gina teburin haruffa an zuba ƙanana da manya duka, da salo irin Noto Sans da ke da su. Sannan jeri: in ka bar na'ura ta jera da lambar harafi, duk sunan da ya fara da ƙ zai faɗa bayan z maimakon ya bi k. Akwatin bincike kuma a sa shi ya ɗauki k da ƙ a matsayin ɗaya, domin yawancin masu waya ba sa sa lanƙwasa, za su rubuta "karfe" su ga ba komai. Sai alamar da ke gaban 'y, kamar a 'ya'yan itace: a fayil ɗin kalmomi na Android in ba a sa mata kariya ba, ginin manhajar gaba ɗaya tsayawa yake.

Ɗan'asabe, Gumel:
Anti Zulai, ni fa tsorona a fassara komai. In aka mayar da bindigar AWM wani dogon suna na Hausa, ranar da ka shiga tawaga da ɗan Indiya ko ɗan Masar ba za ku fahimci juna ba, kuma duk bidiyon koyarwa da ke YouTube ya tashi a banza. Ko me kamfani ya rubuta, mutane ne ke yanke hukunci. Ai a jikin mai ƙafa uku Bajaj ko TVS aka rubuta, amma duk Kano A Daidaita Sahu ake cewa.

Zulai, Birnin Kudu:
Ban ce a fassara AWM ba, ƙanena. Sunan yanka a bar shi: AWM, AKM, Red9, Gloo Wall. Abin da za a fassara shi ne sunan jinsi, wato magani, harsashi, kwalkwali, madubi, mariƙi, da ɗan bayanin da ke ƙasa. A shafin bayanin kuma a bar sunan asali a ƙaramin rubutu don mai neman bidiyo. Amma ko sunan da aka bari sai an sa masa jinsi a tebur, domin saƙon allo zai ce "ka samu AKM, harsashinta 30". Mace ce, saboda bindiga ake nufi. Gloo Wall kuwa sai an zauna an yanke: in katanga ce, "ta rushe", in bango ne, "ya rushe".

Nafi'u, Ringim:
A bakin yara "gulu ya fashe" ake cewa, namiji. A bi bakinsu. Kuma kafin a kulle kowane jerin sunaye a yi masa gwajin kunne: mutum biyu, kowa da wayarsa, a kira ta murya inda sabis ke da rauni, ɗaya ya karanto sunaye ashirin da sauri, ɗaya ya rubuta abin da ya ji. Duk biyun da suka rikice, a sauya ɗaya. Magani 75 da Magani 100 na Malam ba za su tsallake ba, domin gaɓa uku na farko iri ɗaya ne, bambancin na ƙarshe, kuma ƙarshen magana ne sabis ya fi yankewa.

Malam Sabi'u, Bichi:
To a juya, bambancin ya zo gaba: Rabin magani, Cikon magani. Ko da yake 75 ba rabi ba ce, wannan ma zai yaudari wani. Zulai, ba mu kalma ɗaya gajeriya da ke nuna ya ɗaga ka amma bai cika ba. Sannan bayan gwajin Nafi'u a yi nawa: a ba wanda bai taɓa wasan ba sunayen a takarda, ba hoto ba kala, ya jera su daga ƙarami zuwa babba. In ya kasa, sunan bai wuce ba, ko da ya yi daɗi a kunne.

Zulai, Birnin Kudu:
Malam, a gwada Ɗauri, Agaji, Waraka. Ɗauri shi ne bandeji, Agaji ya tashe ka ya bar saura, Waraka ta gama. Harafin farko daban, sautin farko daban, mafi tsawo haruffa 6. Adadin kuma a bar shi a gurbin da Malama Hauwa ta faɗa, a ƙasan hoto. Inda nake da shakka shi ne Agaji da Waraka, duka gaɓa uku ne kuma wasalin "a" ya yi yawa a cikinsu. Yaya Nafi'u, ku sa su a gwajin muryar tukuna, in sun rikice a mayar da na tsakiya Jinya.